Kanarin Malam da Keken Innata

Ni dai ban taɓa son tsuntsun nan ba, gara in faɗa tun da farko. Kanari ne ɗan mitsitsi, ruwan ƙasa da ɗan rawaya a ƙirji, in ka fige shi bai fi loma guda ba. Amma a gidanmu na Illela, shekarun da aka rufe iyaka, shi ne ɗan gata. Maigidana kan dawo daga masallaci da asuba, kafin ya tambaye ni yadda na kwana sai ya tsaya a zaure ya gaisa da tsuntsu. Shi da kansa yake tsince masa gero, ya ɗauraye masa ɗan kaskon ruwa, ranar Juma'a har ridi yake barbaɗa masa. Ni kuwa shekara shida muna tare ban taɓa ganin ya ɗauraye kofin da ya sha shayi ba.

Malam, haka nake kiransa, mutumin cikin birnin Sakkwato ne, gidan alƙalai da malaman ofis tun kaka da kakanni. Aiki ya kawo shi Illela, yana magatakarda a wani ofishi na bakin iyaka. Mutum ne mai gaskiya har ta yi masa yawa. Ni kuma ɗiyar 'yan kasuwa ce, Innata tana can Kwanni, tsallaken iyaka, kuma tun ina goye nake jin ana cinikin atamfa da sefa a kaina. A gidanmu mace ba ta zama hannu rabbana. A gidan Malam kuwa doka ɗaya ce aka kafa mini tun ina amarya.

"Ba a sana'a cikin gidana," in ji shi. "Ranar da anka ga turmin atamfa guda ya shigo gidanga, za a ce daga ofis na ɗauko shi. Sunana kaɗai gare ni, ba ni da wani."

Na ce to. Amarya ai to take cewa.

Da aka rufe iyaka, zuwa wurin Inna ya gagara, ga idonta ya fara rauni, ba ta ganin kafar allura. Sai ta aiko mini da keken ɗinkinta, wanda a kansa na koyi ɗinki tun ƙafata ba ta kai matakin sosai ba. Yayana ne ya zagayo da shi ta gonakin wajen Tozai a kan jaki. Kan keken ya zo cikin buhun albasa, ya yi wata guda yana wari. Ƙafafun suka biyo baya naɗe a tabarma, aka ce wa Malam ƙarfen gado ne. Na haɗa shi a ɗakina, na kwantar da kan cikin teburinsa, na shimfiɗa masa zane, na jera kwalla da langa da samira a bisa. Malam kan shigo ɗakin ya zauna dab da shi, wani lokaci har ya aza hularsa a kai. Bai taɓa tambayar inda na samo tebur ba, don shi a ganinsa kayan ɗakin mace tsirowa suke yi da kansu.

Kullum da na ji babur ɗinsa ya sha kwanar masallaci, sai in sauke kwano goma sha huɗu, in tada kan keke, in hau. Maƙwabta ta kan katanga suke miƙo mini yadi, ta nan nake miƙa musu riga. Kafin ya tashi daga aiki na share zare tas, na mayar da jerena. Ina son keken nan ba kaɗan ba. Yana da wata 'yar ƙara, duk juyi bakwai ko takwas sai matakin ya ce ƙiiƙ, kuma haka yake yi tun ina yarinya. In na taka na ji wannan ƙiiƙ ɗin, sai in ga kamar ina ɗakin Inna a Kwanni tana ce mini in daina jan yadi, in bar keke ya ja da kansa. Na san ranar da Malam ya gano, keke ya bar gidan ke nan, don bai taɓa faɗin magana ya janye ba.

Ana nan, da sanyi ya wuce zafi ya fara, sai kanari ya yi shiru. Tsuntsun da ke cika unguwa da kuka ya koma ya takure a kan ɗan karansa, gashi na zuba a gindin keji. Wayyo, zo ka ga Malam! Ya ce baki ne, wani abokin aikinsa ya yaba tsuntsun bai ce tubarkalla ba. Ya yi rubutu ya wanke ya zuba masa a kaskon ruwa. Ya ce geron kasuwa ne ba shi da kyau, ya aika har ƙauyen Darna aka auno masa na gona. Ya tsaya gaban keji yana yi masa fito, babban mutum da gemunsa, tsuntsu na kallonsa kamar bai san shi ba. Da abin ya ƙi, ya aika a kira ƙanensa.

Ƙanen nan nasa ya yi karatun likitan dabbobi a Zariya, aka turo shi kara, wato kasuwar shanu ta Illela, yana duba bisashe. Abokin wasana ne, shi yana ce mini matarmu, ni ina ce masa likitan awaki. Malam ya shigo da keji tsakar gida, aka shimfiɗa tabarma, na kawo fura na zauna gefe ina tsinke zogale.

Ya duba tsuntsu sama da ƙasa, ya ce, "Yaya, lafiya tai lau. Gashi shika sakewa."

"Gashi shika sakewa, baki kuma mi yas same shi? Da gashi shika kuka?"

Sai likitan awaki ya gyara zama, don yana son a tambaye shi abu. Ya ce kukan kanari ba daga maƙogwaro yake farowa ba, daga ƙwaƙwalwa ne. Akwai wasu 'yan wurare a cikin kan tsuntsu, nan waƙar take zaune. Kuma akwai wani sinadari da jikin namiji yake yi, ya bi jini ya hau kai. In ya yi yawa, wuraren nan sai su cika su bunƙasa, tsuntsu ya dinga kuka kamar an biya shi, yana kiran mata yana korar maza. In lokacin ya wuce, sinadarin ya ja baya, wuraren su motse, waƙa ta wargaje, sai ya yi shiru ya sake gashi. Ya ce ita mace ba ta da shi da yawa, shi ya sa ba ta kuka sai ɗan tsiwit-tsiwit.

Na ce, "To shi sinadarin, ina yake fitowa?"

Na san amsar, so nake in ga yadda zai faɗa a gaban yayansa. Ya kalli fura, ya kalli sama, ya sosa ƙeya.

"Matarmu, kin san zakaran da anka dandaƙe?"

"Na sani."

"Shina cara?"

"Ba ya yi."

"To, nan wurin ne."

Malam ya yi tari, ya ce ya isa haka, a gaya masa magani. Likita ya ce babu magani sai haƙuri. In damina ta gabato sinadarin zai dawo, wuraren nan su sake cika, tsuntsu ya sake haɗa waƙarsa, wani lokaci ma ya ƙaro abin da babu da, daga abin da kunnensa ya ji. Wannan maganar ta ƙarshe, wallahi ta wuce ni, hankalina yana kan zogale. Ya ce dai a ɗauke shi daga zaure, zafi da hayaniya sun yi yawa, a sa shi inda ke da inuwa da shiru.

"Ɗakinta," in ji Malam. "Nan ne babu motsin komai duk yini."

Na ce ɗakina akwai sauro. Na ce akwai ɓera. Na ce turaren wuta zai shaƙe shi. Malam ya ce in daina turaren. Ya ɗauko ƙusa da kansa ya buga a bango, bisa kan jeren kwanonina daidai, ya rataye keji.

Wata huɗu muka yi da tsuntsun nan a ɗaki ɗaya. Da safe Malam ya ba shi gero ya fita, ni in sauke kwanoni in hau keke. Sai ya matso bakin keji, ya karkata kai, ya zuba mini ido ɗaya. Har hira nake yi masa. Nakan ce, "Kalla da kyau, munafuki, ai ba ka da bakin faɗa." Can wajen ƙarshen bazara ya fara wani gunguni ƙasa-ƙasa, baki a rufe, maƙogwaro na motsi, ba kai ba gindi. Na gaya wa likitan awaki, ya ce tilawa yake yi, yana gwada abin da zai rera. Na ce Allah ya ba da sa'a, ya ƙare ya koma zaurensa in huta da sharar gashi.

Ruwan farko ya sauka, gashi ya fito sabo fil, Malam ya mayar da shi zaure. Bayan kwana kamar goma, da hantsi, ranar da babu aiki, ina madafa ina tankaɗe, sai na ji tak. Sannan tsirrrrrr, dogo, sannan ƙiiƙ, sannan tsirrrrrr kuma. Na yar da rariya na ruga ɗaki, ina cewa wace mara hankali ce ta hau mini keke Malam yana gida. Na tarar da kwano goma sha huɗu zaune inda na bar su. Ina tsaye riƙe da labule sai na sake ji, tak, tsirrrrrr, ƙiiƙ, kuma daga zaure yake fitowa.

Innalillahi! Ɗan banzan tsuntsun nan ya haddace kekena. Tak ɗin da nake sauke 'yar ƙafar da ke danne yadi, da gudun allura, da ƙarar matakin Inna, bai bar ko ɗaya ba. Ya haɗa da tsohon kukansa ya yi masa ado, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da tela zai gane.

Malam ya shigo yana washe baki, ban taɓa ganin haƙoransa da yawa haka ba.

"Kin ji? Kin ji abin da geron Darna yay yi? Wanga kuka babu irinai har Sakkwato!"

Na ce na ji, tubarkalla.

Da yamma na tare likitan awaki a bakin rijiya na gaya masa komai, don ba ni da wanda zan gaya wa. Ya yi dariya har ya zauna a kan turmi yana share hawaye. Na ce ba dariya na kira shi ya yi ba, ya yi wa tsuntsu allurar mantuwa. Ya ce babu irinta. Na ce to a yi masa abin da ake yi wa zakara. Ya ce, "Matarmu, abin yana can cikin ciki, bai kai ƙwayar gero biyu ba. In na taɓa shi ya mutu, ni da ke duka Yaya zai kora." Ya ce in kwantar da hankalina, Yaya bai san ƙarar keke ba, rigunansa ma aikawa yake yi a ɗinko.

Gaskiyarsa, Malam bai sani ba. Amma Malam yana da abokai. Ranar Asabar bayan la'asar ya tara masu kiwon kanari na garin a zaure, su shida, aka dafa shayi. A cikinsu akwai wani tsohon tela da ke bakin tasha, ya fi shekara arba'in yana taka keke, ido ya tafi amma kunne garau. Ni ina laɓe bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, ina roƙon Allah ya sa wa tsuntsu shaƙuwa. Ina! Da ya ga taro sai ya buɗe maƙogwaro kamar an yi masa alkawarin mata.

Kowa ya ce tubarkalla. Wani ya ce irin na Agadas ne. Wani ya ce a'a, ya taɓa jin mai kama da shi wurin wani Bature a Kwanni. Tsohon tela ya kasa kunne har tsuntsu ya maimaita sau uku, sannan na ji muryarsa.

"Malam, wurin wane tela kas sayi wanga tsuntsu?"

"Tela kuma? Shekara ukku shina hannuna."

"A'a, saurara dai. Ga shi ya sauke ƙafa. Ga shi ya ja dogon layi, wanga gefen zane ne. Ka ji ya tsaya? Kwana ya kai, ya juya yadi. Keken ƙafa ne, tsohon yayi, irin na Faransa. Kuma matakin nan yana son mai, mai shi ba shi kula da shi."

Ba ya kula da shi! Ni da nake shafe keken nan kamar jariri. Saura kaɗan in buɗe ƙyaure in ce masa ƙarar tun ta Innata ce, mai ba ya kashe ta. Allah ya taimake ni na dafe bakina.

Tsohon bai nufi sharri ba, shi dai sana'arsa ya ji ya gane. Ya ƙara tambaya, "Ina ka aje shi da bazara?"

Sannan na ji Malam ya ce a hankali, "Cikin gida." Daga nan sai ƙarar kurɓar shayi kawai, tsuntsu kuwa yana ta ɗinkinsa bisa kansu.

Bayan magariba Malam ya shigo ɗakina. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na sami abin mayarwa. Ya tsaya ya dubi teburin nan da ya sha aza hularsa, ya fara sauke kwanoni da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yana ajiyewa a kan gado a hankali kada su kwarzane. Ya yaye zane. Ya daɗe yana kallo.

"Ta ina ya shigo?"

"Cikin albasa."

Ya runtse ido. "Iyaka na rufe, ni ina zaune bakin iyaka ina rubuta sunayen masu ƙetare da kaya, keke ya shigo gidana cikin albasa."

Na ce na Innata ne, ba na sayarwa ba ne, gado ne tun mai shi na da rai. Na ce ban taɓa ɗinka yadin da ban san inda ya fito ba, wanda ba gaskiya ba ne sosai. Na yi kuka, na yi masifa, na ce shi yana da tsuntsu ni mi gare ni. Ya saurara har na gaji, sannan ya ce, "Gobe shi bar gidanga." Washegari aka ɗora shi a amalanke aka kai gidan gwaggona a Gidan Katta.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba. Miya ba gishiri, gaisuwa ba ɗaga kai. Kuma abin da ya fi ci mini rai, keke ya tafi amma ƙararsa tana nan. Kullum da safe ina zaune hannu sake, sai in ji tak, tsirrrrrr, ƙiiƙ daga zaure. Wata rana in ji kamar in je in murɗe masa wuya in soya da man gyaɗa. Wata rana kuma in tsaya bayan ƙyaure ina saurare ina hawaye, don ƙarar ɗakin Inna ce, kuma ba ni da wata hanyar jin ta sai ta bakin wanda ya tona mini asiri.

Shi kuwa tsuntsu sai ya yi suna. Labarin kanari mai ɗinki ya zaga gari. Masu kiwo suka dinga kawo 'yan ƙananan kanarinsu suna ratayewa a zauren Malam su ɗauki karatu, har bango ya cika da ƙusoshi. Kafin kaka, in ka bi ta wasu unguwannin Illela za ka ji kekena yana ƙiiƙ a zauren mutanen da ban taɓa gani ba. Malam yana jin kunyar asalin abin, amma yana jin daɗin sunan, na san shi. In baƙo ya yaba sai ya ce, "Baiwa ce daga Allah," ya kawar da kai.

Da zafi ya sake zagayowa, tsuntsu ya sake yin shiru, gashi ya fara zuba. Wannan karon Malam bai yi rubutu ba, ya riga ya san zancen sinadari. Abin da ya tambayi ƙanensa, ina ji daga madafa, shi ne ko kukan zai dawo yadda yake. Likitan awaki ya ce, "Ba tabbas, Yaya. In wuraren nan sunka motse, wani abu na zubewa. In sunka sake cika, abin da kunne ya ji shi aka ɗauka. Shina iya riƙe ɗinkin, shina iya sakin shi ya kama kukan jakin maƙwabta." Ya faɗi haka da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, yana kallon wajen madafa.

Malam ya ɗauki keji ya kai shagon tsohon tela a bakin tasha. Kwana uku ya dawo da shi. Ya ce keken tsohon sulɓi gare shi, ba ya ƙiiƙ, ga 'yan kamasho suna ashar daga safe har yamma, ga hon ɗin motoci. Ya kwana biyu yana zagaye tsakar gida hannu a baya. Ni dai na ci gaba da rage gishiri.

Lokacin an buɗe iyaka. Wata ranar Alhamis da hantsi na ji amalanke ya tsaya ƙofar gida, aka shigo da keke aka dire a ɗakina. Malam ya biyo baya da keji a hannu ɗaya, takarda a ɗaya hannun. Ya ce ya kai keken ofis an yi masa takarda kamar kowane kaya, ga ta nan in adana. Ya rataye keji a tsohuwar ƙusarsa, yana magana da bango.

"Ba don ke ba ne. Don karatun tsuntsu ne. Daga hantsi zuwa azahar."

Na ce, "To Malam, keke ba ya ƙara sai da yadi a ƙarƙashinsa. Iska zan ɗinka?"

Ya ce, "Na maƙwabta. Wanda anka san inda ya fito." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Kuma kada ki sa wa matakin nan mai."

Haka na koma malamar tsuntsu. Duk wanda ya tambayi Malam ko matarsa ɗinki take yi, sai ya ce a'a, kanari take koya wa kuka. Mata suka daina miƙo yadi ta katanga suka dinga shigowa ta ƙofa. Ko da damina ta yi, kuka ya dawo, ba a ƙara mayar da keji zaure ba sai in baƙi sun zo, wai kada karatu ya zube. Shekara uku muna haka.

Rannan da safe muka tarar da kanarin a gindin keji, ƙafafu sama. Tsufa ne. Malam ya naɗe shi a ƙyalle ya binne gindin dalbejiya, bai karya kumallo ba. Ni ma na ji babu daɗi, ban zata ba. Kuma na san abin da mutuwar take nufi: ɗalibi ya tafi, makaranta ta tashi. Ban jira a gaya mini ba, na kwantar da kan keke, na shimfiɗa zane, na jera kwanonina. Malam ya shigo ya gani, ya juya ya fita.

Kwana shida, sai ga shi da sabon kanari, ƙarami. Ya rataye, ya ce, "Ɗan koyo ne. Sauke kwanonin nan."

Wannan tsuntsu bai taɓa kuka ba. Damina ta zo ta wuce, tsiwit-tsiwit kawai. Malam ya ce kansa da nauyi, in ƙara ƙoƙari. A shekara ta biyu ina share keji na tarar da ɗan ƙwai a gindi, shuɗi-shuɗi, bai fi kan ɗan yatsa ba. Mace ce! An cuci Malam a kasuwa, an sayar masa da mace. Na tsaya da ƙwai a tafin hannu ina tunani. In na gaya masa, ya ji kunya, kuma makaranta ta sake tashi. Na jefa shi bayan katanga, na ja bakina na yi gum. Duk wanda ta ƙara yi haka na yi da shi. Shekara huɗu Malam yana shigowa da gero kowace safiya, ya tsaya gaban keji ya ce, "Har yanzu dai?" in ce, "Shina ƙoƙari, jiya ma na ji ya ɗan gwada." Ina ganin kaina mai wayo, har tausayinsa nake ji.

Malam ya rasu da daɗewa yanzu, Allah ya jiƙansa. Bayan na fita takaba likitan awaki ya zo gaishe ni, shi ma kai ya yi fari. Muna tuna baya, na ce bari in faɗa masa wani sirri da na riƙe shekara da shekaru, kanarin nan na biyu mace ce, Yayansa har ya koma ga Allah bai sani ba.

Ya dube ni. Ya ce, "Matarmu, tare munka je sayen ta. Tun a kasuwa na ce mishi mace ce. Mazan da ke wurin duk manya ne, sun gama karatunsu, ita kaɗai ce ƙarama. Ya ce ita shika so. Daga baya na ce mishi akwai allurar sinadarin nan, in an yi wa mace kanta na buɗewa ta yi kuka awa namiji. Ya ce in bar ta, in ta iya kuka an gama koyo ke nan. Ranar da ya fara ganin ƙwai, cikin aljihu ya kawo min shi kara, ya ce da asuba yake dubawa ya kwashe kafin ki gani. Ya ce kada in kuskura in gaya miki, kar ki rufe keke."

Na yi dariya har na sarƙe, sannan na yi kuka, shi kuma ya zauna yana kallon ƙasa yana jan carbi.

Keken yana nan a ɗakina. Jikokina in sun zo suka ji ƙiiƙ ɗin nan sai su ce, "Kaka, kawo mu sa masa mai." Nakan ce su bar shi haka, Malam ya hana.